"Ke" da "Ce": Sharhi a kan Nazarin Gaudio na Hausar 'Yan Daudu

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1996 Rudolf Pell Gaudio ya gabatar da kundin digiri na uku a Jami'ar Stanford ta Amurka mai suna Men Who Talk Like Women: Language, Gender and Sexuality in Hausa Muslim Society. Kundin ya ta'allaƙa ne a kan zaman da ya yi a Kano a farkon shekarun 1990, inda ya riƙa cuɗanya da 'yan daudu a wuraren sayar da abinci da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren biki, yana saurare yana naɗar magana. Daga cikin wannan aiki ya fitar da maƙala a littafin Queerly Phrased (1997) da wata a Boy-Wives and Female Husbands (1998). Bayan shekara goma sha uku da kammala kundin, kamfanin Wiley-Blackwell ya buga shi a sabon tsari da sunan Allah Made Us: Sexual Outlaws in an Islamic African City (2009).

Aiki ne da aka yi a kan Hausa, da misalan Hausa, amma ya fi samun masu tanka masa a ƙasashen waje, cikin Ingilishi, daga mutanen da yawancinsu ba sa jin harshen da aka nazarta. Dalilin shirun gida ba ɓoyayye ba ne. Batun yana da nauyi a baki, addini ya yi hukunci a kansa, doka ma ta yi. Sai dai hukuncin da aka yanke wa mai magana bai ɗauke wa masanin harshe nauyin bayyana maganar ba, kamar yadda ba a bar nazarin Hausar 'yan tasha ko ta 'yan caca ba don ƙyamar sana'arsu. Wannan maƙala za ta auna hujjar harshe da Gaudio ya kafa, ta duba inda take da ƙarfi, da inda karin harshen gabashin ƙasar Hausa yake ƙalubalantar ta, sannan ta waiwayi laƙabin da aka liƙa wa mutanen da aka nazarta.

2.0 Ayyukan da Suka Gabata

Kafin Gaudio, ɗan daudu yakan shigo rubuce-rubucen masana ne ta ƙofar wani. Besmer (1983), a nazarinsa na bori, ya gan shi a gefen fagen girka da wasa. Pittin (1983) ta gan shi a gidajen mata na birnin Katsina, yana girki, yana shiga tsakanin matan gidan da maza masu zuwa. Kleis da Abdullahi (1983) ne suka fuskance shi kai tsaye, suka fassara matsayinsa a kan cewa gurbi ne da kullen mata ya buɗe, tunda ana bukatar wanda zai iya zirga-zirga tsakanin duniyar maza da ta mata. Dukkansu sun yi bayanin abin da ɗan daudu yake yi. Babu wanda ya tsaya ya rubuta abin da yake faɗa, jimla bayan jimla.

A nan ne gudummawar Gaudio take. Ya nuna cewa daudu, a bakin masu yin sa, ya fi kusa da sana'a da salon mu'amala: dafa abinci da sayar da shi, kawalci, rawa a biki, da iya magana. Ya rarrabe tsakanin 'yan daudu da masu harka, wato maza masu neman maza, ya nuna rukunonin biyu suna haɗuwa a wani wuri amma kowanne yana da waɗanda ba sa cikin ɗayan. Ya kuma rage ƙarfin alaƙar da ake yawan ƙullawa tsakanin daudu da bori, duk da cewa ana danganta asalin sunan da iskan nan Ɗan Galadima, kasancewar Daudu kirari ne na Galadima. Da yawa daga mutanen da ya zauna da su suna da aure da 'ya'ya, wasu sun sauke farali, kuma da harshen addini suke bayyana halin da suke ciki. Daga nan sunan littafin ya samo asali.

3.0 Jinsi a Nahawu da Jinsi a Baki

Ginshiƙin kundin shi ne yadda 'yan daudu suke amfani da siffofin tamata na nahawu a tsakaninsu. Suna kiran juna ƙawa a gurbin aboki, suna raɗa wa juna sunayen mata, babba ya zama uwa ƙarami ya zama 'ya. Gaudio ya lura cewa wannan ba dauwamamme ba ne. Mutum ɗaya zai iya zama ita a wannan jimla ya koma shi a ta gaba, gwargwadon wanda yake wurin da abin da ake son cimma, kuma su kansu sukan kira abin wasa. Wannan lura daidai ce, kuma ita ta raba aikin da hoton da fim irin Ibro Ɗan Daudu (2002) ya zana, inda ɗan wasa yake cika kowace jimla da karairaya da shewa don a yi dariya.

Sai dai akwai wani abu a tsarin Hausa da ya cancanci a fito da shi fili fiye da yadda aka yi, domin shi ne yake bayyana dalilin da ya sa wasan ya ɗauki wannan kama. Wakilin suna a Hausa yana bambanta jinsi a mutum na biyu da na uku tilo kaɗai:

(1) kai / ke. Ka zo / kin zo. Gidanka / gidanki
(2) shi / ita. Ya zo / ta zo. Gidansa / gidanta
(3) ni, na zo, gidana

A (3) babu inda jinsin mai magana ya bayyana. Ko bambancin nawa da tawa yana bin abin da aka mallaka ne, shi ya sa namiji yake cewa rigata, mace ta ce zanena. Jam'i kuwa gaba ɗaya ba ruwansa da jinsi. Ma'anar wannan ita ce mai magana da Hausa zai iya yin dogon zance a kan kansa, ya faɗi inda ya je da abin da ya saya da wanda ya ɓata masa rai, ba tare da nahawu ya tilasta masa nuna ko shi namiji ne ko mace ba. Wanda yake magana da shi ne ba shi da mafita. Da zarar ya buɗe baki dole ya zaɓi kai ko ke.

Kwatanta wannan da Sifaniyanci zai ƙara haske, domin a Sifaniya ma an san maza masu amfani da siffofin tamata a tsakaninsu. A can wakilin suna na mutum na biyu tilo, tú, ba ya nuna jinsi, amma sifa tana nunawa ko da mutum yana magana a kan kansa. Namiji zai ce estoy cansado, mace ta ce estoy cansada, inda Bahaushe da Bahaushiya duk za su ce na gaji. Saboda haka mai jin Sifaniyanci yana iya shelanta wa kansa jinsin tamata shi kaɗai, ko abokin zancensa ya yarda ko bai yarda ba. A Hausa galibi ba shi ake yi. Ke kyauta ce da ƙawa take miƙawa, kuma tana iya janye ta a tsakiyar faɗa ta koma kai, wanda a wannan muhalli ya fi zagi zafi. Ita kuma ke ɗin, idan ta fito daga bakin namijin da ba ya cikin rukunin, wulaƙanci ce tsantsa. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, kuma mai faɗa ne yake tantancewa. Wannan ya isa ya nuna cewa abin da Gaudio ya naɗa al'amari ne na jama'a da zumunci kafin ya zama bayanin da mutum yake yi game da zuciyarsa.

Ƙofofin da suka rage wa mai magana ya nuna jinsin kansa 'yan kaɗan ne. Akwai suna da sifa masu ɗafin tamata, kamar Bakanuwa da 'yar gari da doguwa. Akwai kalmomin motsin rai da aka san mata da su, irin su ni 'yasu, tare da tafa hannu da riƙe haɓa. Sai kuma dirka:

(4) Ni ne na dafa.
(5) Ni ce na dafa.

Jimla ta (5) a bakin namiji ita ce mafi gajarta kuma mafi ƙarfin ikirari da nahawun Hausa ya tanada. Gaɓa ɗaya ce ta ɗauki nauyin duka.

4.0 Ƙalubalen Karin Harshe

Wannan gaɓa ɗaya kuwa ba a ko'ina take da ƙarfi ba. An daɗe da sanin cewa jinsin nahawu ya yi rauni a karorin kudu da gabas. Zaria (1982) ya tattauna bambance-bambancen karorin Hausa, Bagari (1982) ya yi bayanin Guddiranci, Gital (1987) ya nazarci Bausanci, Newman (2000) kuma ya tabbatar da zaizayewar jinsi a wasu karorin. A waɗannan yankuna mahaɗin -n yana cin gurbin -r, dirkar ne tana cin gurbin ce:

(6) Daidaitacciya: motar Audu, rigar sabuwa ce
(7) Karin kudu da gabas: motan Audu, rigan sabo ne

Ba abin mamaki ba ne a can a ji an ce mace ne ko ita ne, alhali kai da ke, shi da ita, suna nan daram idan ana maganar mutane.

A ɗauki gari kamar Dagauda ta ƙaramar hukumar Dambam a Jihar Bauchi, a kan hanyar da ta tashi daga Azare zuwa Potiskum. Hausar wannan yanki tana zaune ne tare da Fulfulde da Karai-karai da Kanuri. Fulfulde tana da azuzuwan suna masu yawa amma ba ta raba mace da namiji a wakilin suna, Kanuri ma haka, har ma kalmar shi a Kanuri tana nufin namiji tana nufin mace. Idan a irin wannan wuri mace za ta iya cewa ni ne ba wanda ya waiwaya, to ma'aunin da aka auna (4) da (5) da shi a Kano ya sauya. Ni ne ta daina zama alamar namiji, ta zama ta kowa. Ni ce kuma, in namiji ya furta ta, za ta ɗauko kaya biyu a lokaci guda, jinsin tamata da kuma ƙamshin Kananci, wato Hausar birni da rediyo da fim. Mai saurare zai iya jin ta a matsayin daudu, zai kuma iya jin ta a matsayin iyayin wanda ya je Kano ya dawo. Sauran nauyin kuwa sai ya koma kan wakilin suna da zaɓen kalma da murya.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga hujjar kundin, domin Gaudio da kansa ya nuna cewa 'yan daudun Kano da dama baƙi ne, sun baro garuruwansu sun shigo bariki, kuma suna yawo daga gari zuwa gari. Yaron da ya taso da Guddiranci ya shiga wannan rukuni a Fagge ko Sabon Gari yana koyon abu biyu ne tare, Hausar mata da Hausar Kano. Mai nazarin da ya naɗi muryarsa zai iya lissafa ne ɗinsa a matsayin komawa ga jinsin namiji don wata manufa, alhali karin harshen gida ne ya kuɓuce masa. Duk inda aka gina fassara a kan sauyawa tsakanin siffofi biyu, wajibi ne a fara sanin ko mai maganar yana da siffofin biyu tun asali.

Abin sha'awa, sunayen ayyukan biyu sun nuna marubucin ya rage faɗin da'awarsa. Kundin 1996 ya ambaci al'ummar Hausawa Musulmi baki ɗaya, littafin 2009 ya tsaya a kan birni guda. Na biyun ya fi gaskiya. Abin da aka bayyana Hausar barikin Kano ce ta wani zamani, kuma ba laifi ba ne a ce haka.

5.0 Matsalar Laƙabi

Inda sunan littafin ya gyara wani abu, ya ɓata wani. Kalmomin sexual outlaws, wato masu tawaye ga dokar jima'i, sun sa kwanciya a gaba, alhali babi bayan babi littafin yana nuna cewa abin da jama'a suke gane ɗan daudu da shi tukunya ce da tafiya da baki. Mai tuwo-tuwo a tasha wanda yake ɗaura zane a ƙirji yana habaici ɗan daudu ne a idon kowa ko da ba a san komai game da shimfiɗarsa ba. Attajiri mai harka wanda ba ya karairaya kuwa ba mai kiran sa da wannan suna. Haka nan maƙalar 1998 ta ɗauki kalmar queer a takenta. Adalci ne a faɗi cewa marubucin ya san haɗarin, har ya keɓe babin ƙarshe ga abin da yake salwanta wajen fassara. Amma take ya fi babi tafiya nesa, kuma mafi yawan masu ambaton aikin a waje taken suka riƙe.

Wannan matsala ba ta Hausa kaɗai ba ce. Kalmar queer a Ingilishi zagi ce da waɗanda ake zagi da ita suka karɓe suka mayar tutar gwagwarmaya wajen 1990, kuma ƙarfinta yana cikin wannan tarihi. Da ta isa Sifaniya sai ta zama baƙuwar kalmar jami'a wadda ba ta taɓa yi wa kowa ciwo a titi ba. Ricardo Llamas ya kauce mata ya sa wa littafinsa Teoría torcida (1998), ma'ana karkataccen ra'i. Córdoba da Sáez da Vidarte sun riƙe ta a taken littafinsu na 2005 amma suka jera mata kalmomin zagi na gida a gefe, Paco Vidarte kuma ya zaɓi marica a Ética marica (2007). Wasu suka sake rubuta ta cuir don ta dace da bakinsu. Idan masana a ƙasar Turai, wadda ta halatta auren jinsi ɗaya a 2005, sun ga kalmar ba ta zauna musu ba sai da gyara, to ɗora ta a kan ɗan daudu yana bukatar hujja mai ƙarfi ƙwarai.

Kuskuren yana da tagwai a gida. Mai fassara labari da yake mayar da gay zuwa ɗan daudu, ko ɗan daudu zuwa ɗan luwaɗi, ya rushe bambancin da Hausa da kanta ta gina da kalmomi daban-daban. Daudu, kawalci, luwaɗi, harka, kowace da filinta. Ƙamus da kafafen yaɗa labarai suna da alhakin kiyaye wannan, ko da don daidaiton ma'ana kawai.

6.0 Yaren Harka da Amanar Mai Nazari

Ɓangaren da ya fi jan hankalin masu karatu na waje shi ne abin da masu shi suke kira yaren harka. Kalmomi ne na Hausar yau da kullum da aka karkatar da ma'anarsu, kamar ita harka ɗin, ko aka ɗan taɓa sautinsu, kamar mahaho daga makaho ga wanda ba ya cikin sha'anin. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san zaurance da sara, kuma ta dace da abin da Halliday (1976) ya bayyana game da harshen rukunin da jama'a ta ware, wanda yake sake wa abubuwa suna don ya ɓuya a bainar jama'a. Takwarorinsa su ne Polari a Ingila, wanda Baker (2002) ya nazarta, da isiNgqumo a Afirka ta Kudu. Kiran sa yare ya yi yawa a ma'aunin ilimin harshe, tunda ginin jimlarsa da tsarin sautinsa na Hausa ne. Hausar rukuni ce.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce ta amana. Baker ya tattara Polari ne bayan dokar Ingila ta 1967 ta rage bukatar ɓuya, har kalmomin sun kusa mutuwa. A Sifaniya, dokar 'yan zaman banza ta 1933 da aka faɗaɗa a 1954 ta haɗa da masu neman jinsinsu, da dokar 1970 da ta gaje ta, an cire wannan sashe daga cikinsu a 1979, kafin nazarin ya bunƙasa. A Nijeriya tafiyar ta bi akasin haka. Sashe na 405 na dokar Final Kot ta Arewa ta 1960 ya riga ya lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Gaudio ya yi naɗinsa kafin a ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da Bauchi a 2001. A watan Agusta na 2007 aka kama maza goma sha takwas a wani otal a garin Bauchi bisa zargin da ya haɗa da shigar mata. A Janairun 2014, shekara biyar bayan fitowar littafin, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi ɗaya, wadda ta tanadi ɗaurin shekara goma sha huɗu ga masu auren, goma ga masu kafa ƙungiya ko tallafa mata.

Gaudio ya sauya sunayen mutanensa, ya kuma rufe littafin da addu'ar rufin asiri. Sauya suna yana kare mutum ɗaya, amma ba ya kare kalma, kuma kalmar da aka buga da fassararta ta daina yi wa masu ita aikin da aka ƙirƙire ta dominsa. Abin da ya ɗan rage ɓarnar shi ne littafin yana cikin Ingilishi, yana da tsada, sannan sara ba ta daɗewa kafin a sauya ta. Ɗalibin da zai yi irin wannan aiki da Hausa a wata jami'ar gida ba shi da ko ɗaya daga wannan kariya. Kundinsa zai zauna a ɗakin karatu na sashe, a garin da masu maganar suke kwana, kuma a wuri kamar Azare ko Dagauda, inda masu sayar da abinci a tasha ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, ambaton sana'a da unguwa ya isa a gane mutum ko an kira shi da sunan da ba nasa ba. Binciken da sashe na 4.0 ya nuna bukatarsa ana iya yin sa ba tare da jerin kalmomin ɓoye ba, domin abin da ake nema shi ne rabon ne da ce, da -n da -r, da kai da ke, a bakin maza da mata na Guddiri gaba ɗaya, kafin a zo kan kowane rukuni.